Allurar Sinawa da borin jini: Abin da bincike ya nuna

Maganin allurar Sinawa, wanda ake kira akufanca, hanya ce ta jinya inda ake soka wasu siraran allurai a wurare na musamman a jikin mutum, a bar su na kimanin minti 20 zuwa 30, sannan a zare. Ba a ɗura wani magani ta cikinsu, domin ba su da rami irin na allurar asibiti.

Daga cikin masu neman wannan magani a Turai da Amurka akwai masu fama da borin jinin da ke kama hanci, wanda ke zuwa da yawan atishawa, da yoyon hanci ko toshewarsa, da ƙaiƙayin ido. Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jiki takan ɗauki abin da ba shi da illa, kamar ƙura ko garin furanni ko gashin kyanwa, a matsayin abokin gaba. Sai jiki ya saki sinadarin histamin, shi kuma ya kumbura cikin hanci.

Asalinsa

Littafin likitancin Sin mai suna Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa fiye da shekaru 2,000 da suka wuce, shi ne ya shimfiɗa tushen wannan fanni. A fahimtar Sinawan da, akwai wani ƙarfin rai da suke kira qi da ke gudana ta wasu hanyoyi a jiki, kuma cuta kan samu ne idan ya toshe. Ilimin sassan jiki na zamani bai gano waɗannan hanyoyi ba. Masu bincike sun fi karkata ga cewa allurar tana taɓa jijiyoyi ne.

Labarinsa ya bazu a Amurka a shekarar 1971, bayan da wakilin jaridar New York Times, James Reston, ya rubuta yadda aka rage masa zafin tiyata da allurai a birnin Beijing. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita wurare 361 da ake sokawa. Ga mai ciwon hanci akan zaɓi gefen ƙofofin hanci biyu, da tsakanin gira, da kuma tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya.

Gwajin Jamus

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka fi ambatawa shi ne wanda likitocin asibitin Charité na Berlin suka jagoranta, aka buga sakamakonsa a mujallar Annals of Internal Medicine a 2013. An raba mutane 422 gida uku. Rukuni na farko an yi masa allurar gaske sau 12 cikin makonni takwas. Na biyu an yi masa ta bogi, wato an soka allurai sama-sama a wuraren da ba su ne aka tsara ba. Na uku kuwa ba a yi masa komai ba a wannan lokaci. Dukkansu an ba su damar shan ƙwayar cetirizine idan abin ya tsananta.

Bayan makonni takwas, waɗanda aka yi wa ta gaske sun fi samun sauƙi, kuma sun fi rage shan ƙwaya. To amma ratar ba ta da yawa, har masu binciken da kansu suka ce mai yiwuwa ba ta kai wadda za ta yi wa majinyaci wani tasiri na a zo a gani ba. Da aka kai mako na 16, bambancin ya ɓace.

Akwai kuma abin lura ga mazauna yankin Sahel: mutanen da aka gwada suna fama ne da garin furen ciyayi da na wata bishiyar Turai, ba ƙurar hunturu ba.

Duk da haka, a 2015 ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ta ce likita na iya gabatar da shi ga majinyacin da ke son hanyar da ba ta ƙwaya ba. Zaɓi ta kira shi kawai. Magungunan da ta fi ƙarfafawa su ne na fesawa a hanci da ƙwayoyin da ke daƙile histamin.

Inda haɗarin yake

Jin sauƙi daban, samun sauƙi daban, kuma a ciwon asma wannan na iya zama batun rai da mutuwa. A wani gwaji da masana na jami'ar Harvard suka wallafa a 2011, masu asmar da aka yi wa allurar bogi sun ce sun ji sauƙi kusan daidai da waɗanda suka shaƙi maganin gaske. Amma da aka auna numfashinsu da na'ura, na masu maganin gaske ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, na sauran kuwa da kimanin kashi 7 kacal.

Haka nan borin jini mai tsanani, irin wanda cin gyaɗa ko harbin ƙudan zuma ke jawowa, inda maƙogwaro ke kumbura, numfashi ya sarƙe, maganinsa allurar adirenalin ce nan take, da garzayawa asibiti.

A hannun ƙwararre, illar akufanca ba ta cika wuce ɗan jini ko tabo ba. A hannun ɗan koyo kuwa, an sha samun allurar da ta huda huhu. Sake amfani da allura ɗaya ga mutane da yawa na iya yaɗa ciwon hanta, kamar yadda aska ko ƙahon da ba a tsabtace ba ke yi. A Amurka, tun 1996 doka ta tanadi cewa allurar ta zama tsabtatacciya, wadda ake amfani da ita sau ɗaya a jefar.