3.2 Muryar Jama'a a Makarantun Firamare na Kumbotso, Kura da Bunkure

Idan aka bi tarihin makarantun gwamnati a ƙasar Kumbotso da maƙwabtanta Kura da Bunkure, za a tarar cewa hukuma ta daɗe tana neman 'ya'yan jama'a da ƙarfinsu da kuɗinsu kafin ta fara neman shawararsu. A zamanin En'e, makarantar elementare ta Sarki ce. Hakimi ke umartar dagaci, dagaci ya umarci mai unguwa ya kawo yara, shi ya sa talakawa da yawa suka ɗauki shiga boko tamkar wani nau'i na haraji, har wasu kan ɓoye 'ya'yansu. Dokar ilmi ta Jihar Arewa ta 1962 ta samar da hukumomin ilmi na yankuna, amma manomin ƙauye bai samu kujera a cikinsu ba.

Abubuwa biyu ne suka canza fuskar wannan yanki cikin ɗan lokaci. Na farko shi ne kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin mulkin Audu Bako, wadda ta ba Aikin Noman Rani na Kogin Kano ruwan shayar da filayen Kadawa da Kura da Bunkure. Na biyu kuwa shi ne shirin ilmin firamare kyauta, wato UPE, wanda gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba na 1976. Yaran da suka fito a faɗin Nijeriya sun zarce waɗanda aka yi tanadi dominsu nesa ba kusa ba, don haka a garuruwa da dama aka koma karatu a gindin itatuwa da zaurukan masu unguwanni, jama'a kuma suka ba da filaye, suka yi aikin gayya.

A nan ne muhimmancin jin ta bakin mutanen gari ya fito fili. A ƙasar da ake noman damina kawai, yaro yakan samu sararin zuwa makaranta da zarar an kai amfani gida. To amma noman rani ya cike wannan sarari. Ana gama shinkafa sai alkama da tumatir da albasa, ga dashe, ga ban ruwa, ga korar tsuntsaye, ga tsinkar tumatir da za a kai kasuwa irin ta Kwanar Gafan. 'Yan mata kuma ga taya iyaye turara shinkafa a Kura, ga talla. Jadawalin makaranta kuwa daga ofis yake zuwa, iri ɗaya ga ɗan birni da ɗan Kadawa. Uban yaro ya san makon da aji zai kwashe rabinsa, hedimasta ma ya sani, amma babu zauren da aka tanada domin su zauna su daidaita. Matsalar Kumbotso ta ɗan sha bamban, domin birni ne ya faɗo mata. Masana'antun Challawa da bunƙasar unguwanni irin su Panshekara da Na'ibawa da Mariri suka cika azuzuwa maƙil.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, albashin malamai ya riƙa makara, sai nauyi ya koma kan ƙungiyar iyaye da malamai. Ita ke tara kuɗin alli da benci da gyaran rufin kwano bayan iskar farkon damina. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa a 1988, ta rushe ta a 1991, ta sake dawo da ita a 1993, ba tare da wannan kai-kawo ya ƙara wa iyaye iko ba. Taron ƙungiyar yakan ƙare ne a kan nawa kowa zai biya, ba a kan malamin da ba ya zuwa aiki ba. Bugu da ƙari, taro ne na maza, alhali uwa ce ta fi sanin dalilin da ya sa aka ɗora wa yarinya talla.

Bayan ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999 da dokarsa ta 2004, Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince da a kafa kwamitin gudanarwa a kowace makaranta, wanda aka fi sani da SBMC. Ya ƙunshi hedimasta da wakilan malamai da na sarakuna da malaman addini da mata da tsofaffin ɗalibai da masu sana'a, har da wakilan yara. Da farko yawancin kwamitocin suna ne kawai a takarda. Shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008, ya sa Kumbotso cikin ƙananan hukumomi uku da ya fara aiki da su a Jihar Kano, tare da Fagge da Albasu. An horar da 'yan kwamiti kan tsara abin da makaranta ta fi buƙata da kai kuka ga sakataren ilmi, aka kuma ware wa mata da yara zamansu daban, domin ba kowace mace ke iya magana gaban dagaci da liman ba.

Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, sai dai yana da iyaka. Kwamiti na iya bin gida-gida ya dawo da yaron da ya bar karatu, yana iya tara buhunan shinkafa lokacin girbi a sayar a gina aji, amma ɗaukar malami da sauya masa wurin aiki suna hannun hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma da ta jiha, ranakun hutu kuma a hannun Ma'aikatar Ilmi. Haka kuma da gwamnatin Ganduje ta mayar da ilmi kyauta kuma dole a 2019, ta hana karɓar kuɗi daga iyaye, sai makarantu suka rasa tsohuwar hanyarsu ta sayen alli da gyaran benci, suka koma jiran abin da zai zo daga Kano.