Taurarin da suka ɓace a cikin hanta

A 1876 wani malamin ilimin jikin ɗan Adam a Jamus, Karl von Kupffer, ya yanka hanta siriri-siriri, ya rina ta da ruwan zinariya, ya duba ta a mikoroskop. Sai ya ga wasu ƙwayoyin halitta masu rassa, ya raɗa musu suna ƙwayoyin tauraro. Bayan shekara 22 ya sake gwaji da tawada, sai ya rikita su da wasu ƙwayoyi daban, masu cinye dauɗa da ƙwayoyin cuta. Da yake babban malami ne, littattafai suka bi shi ido rufe. Har yau masu cinye dauɗar ne ke ɗauke da sunansa. Ni dai wannan nake tunawa duk lokacin da ɗan lakkwal ya ce mini "ai haka yake a littafi".

A 1951 Toshio Ito na Japan ya ga wasu ƙwayoyi masu ajiye ɗigon kitse a jikin hanyoyin jinin hanta, aka sa musu sunansa. Sai a 1971 ɗan ƙasarsu, Kenjiro Wake, ya nuna cewa su ne taurarin Kupffer na farko, kuma bitamin A ne a cikin kitsen. A nan jiki ke ajiye mafi yawan bitamin ɗinsa, shi ya sa cin hanta ke maganin dundumi.

Amma rumbun nan yana da wata fuska. A 1985 Scott Friedman da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa su ne ke saƙa zaren kolajen a hanta. In hanta ta ji rauni, sai su zubar da bitamin su shiga ɗinki. Rauni ɗaya ba komi. In kuwa ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, saboda giya ko ciwon hanta nau'in B da ya yi yawa a ƙasarmu, ɗinkin ya zama tabo, hanta ta ƙandare, ciki ya cika da ruwa.

Yaron da ya kamu da nau'in B tun yana jariri shi ya fi zama da cutar har girma, ga shi rigakafinta na cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai a likita. Ko ga babba, in magani ya danne cutar, wasu taurarin kan mutu, wasu su koma su kwanta, tabon ya ragu.