Tseren Kora na 'Yan Huɗu a Wasan Keke

Tseren kora na 'yan huɗu gasa ce ta keke da ake yi a rufaffen fili mai da'ira, wanda gefunansa suke a karkace kamar cikin kwano. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mahaya huɗu. Suna tashi a lokaci guda, amma wannan daga gefe guda, waccan daga ɗaya gefen, rabin da'ira tsakaninsu. Tsawon tseren mita 4,000 ne, wato zagaye 16 a filin mita 250. Ƙungiyar da ta cim ma abokiyar karawarta ta ci nan take. In ba a kai ga haka ba, agogo ke raba gardama.

Lokacin da ake rubutawa shi ne na mutum na uku da ya tsallake layi, ba na farko ba. Wannan ƙa'ida ita ce zuciyar wasan. Gwani ɗaya, komai ƙarfinsa, ba ya ci wa ƙungiya. In ya fizge ya bar 'yan uwansa, ya yi aikin banza. Mahayan suna tafiya a jere, taya na kusan shafar taya, kekunan kuma ba burki, giya ɗaya ce tak. Na gaba ne ke keta iska, na bayansa suna samun sauƙin da ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku. Idan ya gaji sai ya haura gangaren, ya bar su su wuce, ya sauko ya maƙale a wutsiya. Sauyin nan na ɗan lokaci ne, amma a wurinsa ake gane ƙungiyar da ta sha atisaye tare.

An fara saka gasar a Olamfik a Landan, 1908, a kan yadi 1,980, Birtaniya ta lashe. A 1920, a Antwerp, aka tsayar da mita 4,000. Daga nan Italiya ta riƙe kambun sau huɗu a jere har 1932, ta sake yin uku a jere daga 1952 zuwa 1960. Gasar zakarun duniya ta karɓi wasan a 1962. Wasan ƙarshe na Olamfik ɗin 1968 a Meziko har yau ana tuna shi: Jamus ta Yamma ce ta riga isa, amma alƙalai suka ce ɗan wasanta Jürgen Kissner ya taɓa abokinsa da hannu, suka miƙa zinaren ga Denmak.

Shekaru da dama minti huɗu ya tsaya wa kowa kamar katanga. Jamus ta rushe ta a Sidni a 2000, da minti 3 da daƙiƙa 59.710. Bayan nan zamanin Birtaniya ya zo, zinare uku a jere, 2008, 2012 da 2016, kuma Ed Clancy yana cikin duka ukun. Ba ƙarfin cinya kaɗai ya kawo wannan ba. An zuba kuɗi wajen gwada yadda iska ke bin jikin mahayi, aka sauya hular kwano, rigar tsere da ƙirar keken kansa. A Tokiyo, 2021, Filippo Ganna ya ja Italiya a zagayen ƙarshe ta kamo tazarar da Denmak ta ba ta, suka gama a 3:42.032. A Faris, 2024, Ostareliya ta yi 3:40.730 a zagayen farko, gudun da ya haura kilomita 65 a awa, daga tsaye aka tashi. Ta kuma doke Birtaniya a wasan ƙarshe.

Afirka tana da nata rabo a wannan tarihi, ko da ya daɗe. Afirka ta Kudu ta samu tagulla a 1920, azurfa kuma a Helsinki a 1952.

Nijeriya tana da abin da ƙasashe da yawa na nahiyar ba su da shi: filin tseren keke na gaske. An gina shi a harabar Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Abuja domin Wasannin Afirka na 2003, filin da aka raɗa wa sunan Moshood Abiola a 2019. A nan aka yi gasar tseren keken fili ta nahiyar Afirka a watan Yulin 2022. Sai dai yawancin 'yan ƙasa sun fi sanin wurin da tarukan da ba na wasa ba. A cikinsa jam'iyyar PDP ta yi zaɓen fid da gwaninta na shugaban ƙasa a watan Mayun shekarar. Daga unguwar Karmo ta Abuja zuwa filin 'yar gajeriyar tafiyar mota ce, ga kuma samari a unguwar da suka tashi a kan sirdin keke, amma ba hanyar da ta haɗa su da shi. Wannan asara ce mai ciwo, domin abu mafi tsada, ginin, yana nan tsaye.

Abin da ya rage ba ƙarami ba ne. A Faris, 'yar Nijeriya Ese Ukpeseraye ta shiga gasar fili da keken da tawagar Jamus ta ara mata. Tseren kora kuwa yana buƙatar irin wannan keke guda huɗu, da mahaya huɗu masu ƙarfi kusan ɗaya, da koci, da watanni na atisaye a fili guda kafin a tura su neman makin shiga gasar duniya.