Amintattu Takwas da Korarrun 1948: Tarihin Muryar Ɗalibai a Makarantun Cape Coast

Idan ana ba da tarihin 'yancin ƙasar Gana, lauyoyi da sarakuna da 'yan mazan jiya ake fara ambata, kuma sun cancanci haka. Amma akwai wani ɓangare na labarin da ya gudana a azuzuwa da ɗakunan kwanan ɗalibai, a hannun yaran da gemu bai fito musu ba. Mafi yawansa ya faru ne a Cape Coast, garin da Fanti ke kira Oguaa. Tun da yau 'ya'yan zango sun cika irin waɗannan makarantu, ya kamata mu san abin da ɗalibai suka taɓa yi a cikinsu, da abin da ya jawo musu.

A ranar 3 ga Afrilu 1876 'yan mishan na ɗariƙar Methodist suka buɗe makarantar sakandare ta farko a Gwalkwas. Shugabanta na farko, James Picot, saurayi ne ɗan shekara 18, wato da kaɗan ya girmi waɗanda yake koyarwa. Makarantar ta yi ta faɗi-tashi saboda ƙarancin kuɗi da na malamai. A 1905 lauya John Mensah Sarbah da abokansa suka kafa tasu mai suna Mfantsipim, kuma a cikin shekarar aka haɗe biyun ƙarƙashin wannan suna. Haɗewar ba ta kawo sauƙi nan take ba. Kafin 1907 al'amari ya lalace har makarantar ta wayi gari ba shugaba, ɗalibai kuma suka watse.

Yara takwas ne suka ƙi tafiya. Suka ci gaba da haɗuwa suna karatu a tsakaninsu, wanda ya fahimci darasi ya koya wa wanda bai fahimta ba. A haka wani limamin kirista, W. T. Balmer, ya same su lokacin da ya iso daga Saliyo a 1907. Abin ya taɓa zuciyarsa, ya karɓi shugabancin makarantar, ya kuma laƙaba musu sunan da ake kiransu da shi har gobe, wato Amintattu Takwas. Ɗaya daga cikinsu shi ne Kobina Sekyi, wanda daga baya ya zama lauya kuma marubuci, ya shafe rayuwarsa yana ƙalubalantar mulkin mallaka da kwaikwayon Bature ido rufe.

A duba abin da waɗannan yara suka yi da kyau. Babu wanda ya naɗa su, babu wanda ya yi musu alkawarin lada, babu kuma tabbacin cewa makarantar za ta sake tashi. Da sun koma gida, babu mai zarginsu. Makarantar da daga baya ta yaye Kofi Busia da Kofi Annan ta tsallake wannan siraɗi ne saboda yara takwas sun ɗauki karatun junansu a matsayin amana. Bahaushen da ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya san yadda gardi ke biya wa ƙolo karatu, ya duba masa allo, malam na can gefe da manyan ɗalibai.

Shugabancin ɗalibai da hukumar makaranta ta sani kuwa, asalinsa daban ne. Daga makarantun kwana na Ingila aka kwaso shi, inda Thomas Arnold, shugaban makarantar Rugby daga 1828 zuwa 1842, ya shahara da danƙa wa manyan ɗalibai tarbiyyar ƙananansu. Aka raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da malaminsa da shugabansa daga cikin ɗalibai, sannan ga babban shugaban ɗalibai a samansu duka. Su ke tayar da yara da asuba, su raba aikin shara, su kula da ɗakin cin abinci, su yi horo idan an yi laifi. Wannan tsari ya samu gindin zama a Mfantsipim, da Adisadel da aka kafa a 1910, da Achimota da aka buɗe a 1927, da St. Augustine's ta 1930.

Niyyar masu tsarin ita ce samar da mataimaka masu biyayya. Ikon shugaban ɗalibai aro ne daga hedimasta, kuma wanda ya ba da aro yana iya karɓe kayansa. Sai dai wanda aka koya wa tara mutum ɗari a layi cikin minti biyar, da rarraba aiki, da tsayawa gaban taro ya yi magana, an ba shi makamin da ba a san inda zai juya shi ba. Yaran da ke kwana ɗaki ɗaya, suke cin abinci a teburi ɗaya, suke karanta jarida ɗaya ana miƙa ta hannu zuwa hannu, ba sa buƙatar dogon shiri kafin bakinsu ya zo ɗaya. Shekarar 1948 ta tabbatar da haka.

A watan Janairun shekarar, Nii Kwabena Bonne na Uku ya jagoranci ƙaurace wa kantunan Turawa da na Kwarori saboda tsadar kaya. Ranar Asabar 28 ga Fabrairu, 'yan mazan jiya da suka yi wa Ingila Yaƙin Duniya na Biyu, da yawansu a dajin Bama, suka nufi fadar Gwamna da ke Osu a Ankara da takardar kokensu kan haƙƙoƙin da aka yi musu alkawari. 'Yan sanda suka tare su a mararraba. Baturen ɗan sanda Colin Imray ya buɗe wuta, aka kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Gari ya kama da wuta, tarzoma ta bazu zuwa wasu garuruwa, kuma alƙaluman hukuma sun nuna mutum 29 sun mutu, 237 sun ji rauni. A ranar 12 ga Maris Gwamna Gerald Creasy ya sa aka kama shugabannin jam'iyyar UGCC shida: J. B. Danquah, Kwame Nkrumah, Edward Akufo-Addo, Emmanuel Obetsebi-Lamptey, William Ofori Atta da Ebenezer Ako-Adjei. Aka rarraba su a arewacin ƙasar, Nkrumah aka kai shi Lawra.

Kwana uku bayan kamun, ranar 15 ga Maris, ɗaliban manyan makarantun Cape Coast suka ƙaurace wa aji suka fito zanga-zanga suna neman a saki mutanen shida. Domin a gane nauyin abin da suka yi, sai a tuna yadda kujerar sakandare take a wancan zamani. Makarantun ƙasar gaba ɗaya 'yan ƙalilan ne. Sau da yawa dangi ne ke haɗa kuɗin koko ko na fatauci su tura yaro guda, da fatan zai fito da takardar jarrabawar Cambridge ya zama akawu ko malami ya tallafi sauran. Yaron da ya fito kan titi ranar ya san abin da ya ɗora a kan faifai, nasa da na gidansu.

Hukuma ba ta yi sassauci ba. Aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Quashie-Idun, kuma sakamakonsa shi ne korar ɗalibai kimanin 150 da malamai huɗu: Kwesi Plange da J. J. Mensah-Kane da H. P. Nelson daga St. Augustine's, sai H. W. K. Sackeyfio daga Mfantsipim. Manyan shida kuwa an sake su cikin watan Afrilu domin su bayyana gaban kwamitin Watson da aka turo daga Landan. Waɗanda aka yi dominsu sun koma gidajensu da ƙarin daraja, waɗanda suka yi domin su kuma suka rasa makaranta. Wannan gaskiya ce mai ɗaci a tarihin gwagwarmayar ɗalibai a ko'ina, kuma duk mai zuga yara su fito ya kamata ya riƙa tunawa da ita.

Nkrumah ya ga cewa akwai bashi a wuyansu. Yawancin shugabannin UGCC ba su yi ɗokin ɗaukar nauyin korarrun ba, shi kuwa ya haɗa kai da malaman nan huɗu, aka buɗe sabuwar makaranta a Cape Coast ranar 20 ga Yuli 1948. Daga albashinsa na fam 25 a wata ya cire fam 10, aka sayo gwangwanayen kananzir da akwatunan kaya da katako, aka mai da su kujeru da tebura. Da ɗalibai 'yan kaɗan aka fara, amma cikin shekara guda sun haura ɗari biyu. Aka raɗa mata suna Ghana National College, kusan shekara tara kafin ƙasar kanta ta ɗauki sunan Gana a ranar 6 ga Maris 1957. Buɗe makarantar na cikin abubuwan da suka ƙara tsamin dangantaka tsakanin Nkrumah da dattawan jam'iyyar, har aka kai ga kafa CPP a ranar 12 ga Yuni 1949.

Kwesi Plange, wanda ya zama shugaban makarantar na farko, shekararsa 22 a lokacin. A 1950 mutanen Cape Coast suka zaɓe shi zuwa majalisar dokoki, inda ya tsaya kai da fata har aka rage shekarun jefa ƙuri'a daga 25 zuwa 21. Wannan ya buɗe wa dubban matasa ƙofar zaɓen Fabrairun 1951, zaɓen da ya fito da Nkrumah daga kurkukun James Fort zuwa shugabancin gwamnati. Plange ya rasu a 1953 bai kai shekara talatin ba. Malamin da aka kora saboda ɗalibansa sun yi magana, shi ne ya mayar da maganar matasa ƙuri'a.

Ba kullum ba ne muryar ɗalibai ke tashi a kan manyan al'amuran ƙasa. Kofi Annan, wanda ya yi Mfantsipim daga 1954 zuwa 1957, ya jagoranci 'yan uwansa yajin cin abinci domin a gyara girkin makaranta, kuma aka gyara. Ana ba da labarin da raha, amma akwai darasi a ciki: buƙata guda ɗaya ce, kowa ya fahimce ta, hukuma na da ikon biyanta, kuma ba a fasa ko taga ɗaya ba. Bayan shekara arba'in wannan yaro ya zama Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya.

Adalci ne kuma a faɗi ɗaya gefen. Ikon da ake ba babba a kan ƙarami yakan rikiɗe ya zama zalunci. Duk wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar nan ya san wahalar da ake gana wa 'yan aji ɗaya da sunan al'ada: durƙuso, wankin kayan manya, ƙwace garin rogo da shito daga akwati. A cikin wannan yanayi ne al'adar uban makaranta da uwar makaranta ta yi ƙarfi, inda babban ɗalibi ke ɗaukar sabon zuwa ya zama garkuwarsa, ya nuna masa hanya, ya taimake shi da karatu. Tsari ɗaya ne ya haifi mai cin zali da mai karewa. Abin da ya raba su shi ne tarbiyyar da kowanne ya zo da ita da kuma wadda ya gani wurin na gaba da shi.

To, ina mu a cikin wannan tarihi? Gaskiya mun shigo a makare. Kakanninmu na zangon Kumasi da Sabon Zango da Nima da Kotokuraba sun daɗe suna ɗari-ɗari da makarantun mishan, don tsoron kada yaro ya tafi neman boko ya dawo babu addini, kuma tsoron nasu yana da dalili. Sannu a hankali ƙofa ta buɗe, daga makarantar Ahmadiyya ta Kumasi a 1950, zuwa sashen ilimin Islamiyya da gwamnati ta kafa a 1987, har zuwa shirin sakandare kyauta da aka fara a watan Satumban 2017, wanda ya kai 'ya'yan talakawan zango makarantun da iyayensu ko a mafarki ba su taka ba.

Huɗubar da muke yi wa yaro ranar da za a ɗaura masa akwati ita ce ya yi shiru, ya bi doka, kada ya shiga abin da ba ruwansa. Ladabi abu ne mai kyau, amma shiru yana da farashinsa. Taƙaddamar da ta tashi a 2021 kan hana wata ɗaliba Musulma yin azumi a makarantar Wesley Girls ta Cape Coast ta nuna cewa maganar salla da azumi da sutura ba ta ƙare ba. Irin waɗannan al'amura sukan fara ne daga ɗakin kwana da ɗakin cin abinci, inda shugabannin ɗalibai ke da ta cewa tun kafin magana ta kai ofishin hedimasta. Idan babu ɗanmu a majalisar wakilan ɗalibai, babu shi cikin shugabannin gidaje, babu shi a ƙungiyar muhawara, to wasu ne za su yanke masa lokacin sahur.

Abin da tarihin Cape Coast ke nuna mana shi ne jerin yadda abin ke tafiya. Sai da aka samu yara masu riƙe karatun junansu kafin a samu waɗanda aka saurari muryarsu. Saboda haka ɗan zangon da ke aji uku ya nemi ɗan uwansa da ya shigo aji ɗaya ya riƙe shi, ya duba masa lissafi, ya kai shi wurin ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ya hana a ci zalinsa, shi ma kada ya ci zalin ɗan wani. Wanda ya ga zai iya, ya tsaya takarar shugabanci ya yi wa kowa adalci, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Batone da Bafrafre. Idan ranar magana ta zo, a yi ta da hujja, a rubuce, da sanin abin da za ta iya jawowa. Iyaye da tsofaffin ɗalibai kuma, idan yaro ya tsaya a kan gaskiya aka hukunta shi, mu tuna da fam goman nan da gwangwanayen kananzir, kada mu bar shi shi kaɗai.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani da zuciyar riƙon amana. Amin.