Lokacin da Injinan Mainin Suka Yaƙi Korona

Idan a Gyadi-Gyadi ko Tarauni kake, ka ga mainin ɗin 2024: matasa na ta dangwalar waya saboda Hamster Kombat. To, mainin na ainihi da kwamfutoci masu zuƙar wuta ake yinsa, kuma sun taɓa yi wa kimiyya rana.

A 2000, Vijay Pande na Jami'ar Stanford ya kafa Folding@home, inda jama'a ke ba da aron kwamfutocinsu kyauta don lissafa yadda furotin ke naɗewa. A Maris 2020, ana tsaka da Korona, kamfanin CoreWeave, wanda ke haƙar Ethereum a lokacin, ya juya katunan GPU sama da 6,000 kan nazarin ƙwayar cutar. Injinan Bitcoin kuwa, lissafi ɗaya tak suka iya.

Kwamfutarka ma za ta iya shiga, sai dai man janareta daga aljihunka ne.