Yaƙin Ruhaniya da Ƙaunar Magabci: Nazari Daga Zungeru

A shekarar 1902 Gwamna Lugga ya ɗauke hedikwatar mulkin Arewa daga Jebba ya mai da ita Zungeru, wato Dungurum, a bakin Kogin Kaduna. Daga nan aka tsara yaƙin da ya ci Kano a watan Fabrairun 1903, da Sakkwato a watan Maris. Shekara guda bayan haka 'yan mishan na Sudan Interior Mission, uwar ECWA ta yau, suka buɗe tasha a Wushishi, maƙwabciyar Zungeru. Ke nan a ƙasa guda aka jibge igwa, aka kuma buɗe Littafi Mai Tsarki. Duk da cewa Lugga ya taƙaita wa mishan shiga masarautun Musulmi, talaka bai ga wani bambanci tsakanin Baturen soja da Baturen wa'azi ba sai a aikinsu. Abin da ya sa aka san Dakta Andrew Stirrett, ɗaya daga cikin 'yan mishan ɗin, da laƙabin Bature Mai Magani ke nan. Da kwalbar magani ya shiga gidajen mutane, kuma yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

Hujjar wannan maƙala ita ce, a koyarwar Kirista yaƙin ruhaniya da ƙaunar magabci ba kishiyoyin juna ba ne, na farkon ne yake ba na biyun gindin zama. A wasiƙarsa ga Afisawa, sura ta 6, manzo Bulus ya fitar da ɗan Adam daga jerin abokan gāba, ya ce kokawar masu bi da ikokin duhu take. Sannan ya kwatanta makaman da kayan sojan Roma: gaskiya ce ɗamara, adalci sulke, bangaskiya garkuwa, ceto kwalkwali, maganar Allah takobi. Takalmin da sojan zai taka da shi kuwa shirin kai bisharar salama ne. A cikin kayan nan babu ko ɗaya da zai zubar da jinin mutum. Idan Shaiɗan ne magabcin, to mutumin da ya cuce ka kamamme ne a hannunsa, kuma wanda aka kama kuɓutar da shi ake yi. A nan ne umarnin Yesu a Matiyu 5:44, na a ƙaunaci maƙiya a yi wa masu tsanantawa addu'a, ya daina zama kamar wauta.

Sai dai abin da ake ji a wasu majami'u daren Juma'a ya sha bamban. Ana cika ɗaki da ihu, ana buga ƙafa, ana kiran wuta ta sauka a kan maƙiyi ya faɗi ya mutu. Irin wannan addu'a ta yi suna ta hannun cocin Mountain of Fire and Miracles da Daniel Olukoya ya kafa a Legas a 1989. Masu kare ta suna cewa aljanu ake nufi, suna kuma kafa hujja da Zabura ta 109. To amma a tambayi mai addu'ar wa yake gani in ya rufe ido. Sau da yawa uwar miji ce, ko abokin aiki, ko wata tsohuwa a ƙauye da aka riga aka laƙaba wa maita. Luka sura ta 9 ta riga ta yanke wannan shari'a: da Yaƙub da Yohanna suka nemi kiran wuta a kan ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓarsu, Yesu tsawata musu ya yi, suka wuce wani ƙauye.

Akwai ƙorafi mai nauyi, kuma mutanen Jihar Neja, inda Zungeru take, sun fi kowa haƙƙin yin sa. A 2021 an kwashe ɗalibai a Kagara, aka kwashe yaran Islamiyya a Tegina. Ranar 15 ga Janairun 2023 'yan bindiga suka ƙone Fada Isaac Achi a gidansa a Kafin Koro, shi da ya tsira daga bam ɗin cocin Madalla na Kirsimetin 2011. A watan Agustan 2023 aka yi wa sojoji kwanton ɓauna a hanyar Zungeru zuwa Tegina. Wa zai dubi manomin da aka kora daga gonarsa ya ce masa ya ƙaunaci ɗan bindiga?

Bulus bai ce a naɗe hannu ba. A Romawa 12 ya hana mai bi ɗaukar fansa da kansa, a sura ta 13 kuma ya ɗora wa hukuma nauyin hukunta mai laifi. Don haka Kirista yana da damar ya matsa wa gwamnati lamba ta kama, ta gurfanar, ta hukunta. Abin da aka hana shi shi ne ya mai da laifin 'yan ta'adda laifin ƙabila ko addini, ya huce a kan makiyayin da ya kawo nono kasuwa. Yaran Tegina ma ai Musulmi ne. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannu a rikicin 1992 a Kaduna, ya zauna da tsohon abokin gābarsa Imam Muhammad Ashafa suka kafa cibiyar sasanci a 1995, kuma babu wanda ya bar addininsa.

Kirana ga fastocin Zungeru da Wushishi da Minna shi ne su tace addu'o'in da ake yi a majami'unsu. Duk addu'ar da mai yin ta yake hango gawar wani mutum, a dakatar da ita, a koya masa ya roƙa wa mutumin tuba.