Daga Kwat Mai Jela Zuwa Gajeren Wando: Yadda Teburin Jirgin Ruwa Ya Sauya

A ranar 4 ga Yuli, 1840, jirgin ruwan Britannia na kamfanin Samuel Cunard ya tashi daga Liverpool ya nufi Halifax da Boston. Don ɗaukar wasiƙu aka ƙera shi, fasinja kuwa ƙari ne kawai. A cikinsa akwai saniya da ake tatsa saboda madara, ga kaji a keji, tunda babu firji a zamanin. Marubucin nan na Ingila, Charles Dickens, ya shige shi a watan Janairun 1842, ya sauka yana ƙorafi a kan ƙuncin ɗaki da abincin da aka ba shi. Babu wanda ke maganar ado a irin wannan tafiya. Mutane na zama a kan dogayen bencina, an kewaye bakin tebur da ɗan katako don kada faranti ya zame, idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi kuma sai ma'aikata su yayyafa wa ƙyallen tebur ruwa domin tangaran ya kama wuri ɗaya. Wanda tashin zuciya bai kwantar ba, shi ke fitowa cin abinci.

To daga ina aka samo wannan al'ada ta caɓa ado kafin a zauna a tebur, har ta zama abin da mutane ke fara tambaya a yau idan za su yawon shaƙatawa a teku?

Abin ya fara ne lokacin da jiragen suka girma, gasa ta yi zafi, kamfanoni suka gane cewa attajiri ba ya son a tuna masa cewa a kan ruwa yake. A 1871 kamfanin White Star ya fito da jirgin Oceanic, ya ɗauke ɗakin cin abincin manya daga bayan jirgi, inda girgiza da ƙarar inji suka fi yawa, ya dawo da shi tsakiya. Sai Jamusawa suka ɗora. Albert Ballin, shugaban kamfanin HAPAG na Hamburg, ya ga jiragensa na zaman banza a lokacin sanyi, sai a 1891 ya tura jirgin Augusta Victoria yawon Bahar Rum da fasinjojin da ba su da wata buƙata illa ganin duniya. A 1900 aka ƙera masa Prinzessin Victoria Luise, jirgi na farko da aka yi musamman don irin wannan yawo. A 1905 kuma ya buɗe gidan abinci mai suna Ritz-Carlton a cikin jirgin Amerika, da hannun César Ritz da shahararren kukun Faransa Auguste Escoffier. Daga nan jirgi ya koma otal mai tafiya, kuma duk ɗabi'un manyan otal-otal na Landan da Paris suka biyo masu kuɗi cikin teku.

Wanda ke son ganin wannan zamani a ganiyarsa, ya dubi Titanic a 1912. Da yamma mai busa begila ke zagayawa yana sanar da lokacin shiri. Maza na ajin farko su shiga ɗaki su fito da baƙar kwat mai jela, da farar riga mai ƙirji da aka sa wa sitaci har ta sandare, da ɗan farin nektayi mai siffar malam-buɗe-littafi. Mata kuma doguwar riga har ƙasa, safar hannu har gwiwar hannu, ga lu'ulu'u a wuya. Matar da ta isa ba ta maimaita riga a tafiya guda, shi ya sa ake shigowa da manya-manyan akwatuna masu tsayuwa kamar kabad, da barori masu kula da su. Ɗakin cin abincin na ɗaukar mutum sama da 500. A daren 14 ga Afrilu, wanda shi ne na ƙarshe, an jera abinci kusan kashi goma, daga kawa da miya da kifi, zuwa naman sa, rago, agwagwa da 'yan shila, kafin a zo kan kayan zaƙi. Kowane kashi da cokalinsa da wuƙarsa. Ana farawa da na gefe a gangaro zuwa na kusa da faranti, kuma wanda ya ɗauki wuƙar kifi ya yanka nama ya riga ya faɗa wa tebur ko shi wane ne.

A ganina wannan shi ne ainihin aikin waɗannan ƙa'idoji a wancan lokaci: tantancewa. Tikiti kuɗi ke saye, amma sanin cokali sai wanda ya tashi a gidan da ake amfani da shi. Tsofaffin masu arziki na Turai da sababbin attajiran Amurka sun haɗu a wuri guda na kwana biyar ko shida, babu inda wani zai gudu, sai tufafi da tebur suka zama ma'auni.

A can ƙasan jirgin kuma akwai wata duniya. 'Yan aji na uku, yawancinsu masu ƙaura zuwa Amurka, babban abincinsu da rana ake ba su: a ranar nan miyar shinkafa ce da gasasshen naman sa da dafaffen dankali, da dare kuma kunu da biskit da cuku. Wannan ma ci gaba ne, domin a jiragen da suka gabata talaka da kwanonsa da cokalinsa yake shiga. Har kuku na musamman aka ɗauka mai dafa wa Yahudawa abinci bisa ƙa'idar addininsu. Sai dai akwai ƙofofi da shinge tsakaninsu da na sama, kuma dokar shige da fice ta Amurka ce ma ta wajabta raba su.

Akwai wata al'ada mai ma'ana da ta fito daga wannan zamani, wadda har yau ba ta mutu ba. Ba a yin babban ado a daren farko, domin ba a gama kwance akwatuna ba, haka ma daren ƙarshe, domin an riga an ɗaure su. Duk wanda ya duba jadawalin jiragen yau zai tarar daren ado ba ya faɗowa a waɗannan darare biyu.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kwat mai jela ta fara ja da baya, gajeriyar kwat ta dare da baƙin nektayi ta maye gurbinta. Amma ƙawa ba ta ragu ba, sai ma ƙaruwa, kuma Faransawa ne suka kai ta ƙololuwa. Su ne suka shahara da gina doguwar matakala da ke saukowa kai tsaye cikin ɗakin cin abinci, yadda mace za ta sauko a hankali, ido ɗari a kanta, kamar shigowar amarya wurin walima. Ɗakin cin abincin jirgin Normandie, wanda ya fara aiki a 1935, ya kai kusan mita 93 a tsawo, ya zarce zauren madubai na fadar Versailles, an haska shi da gilashin Lalique, yana ɗaukar mutum 700. Ga kuma teburin kyaftin, wanda gayyata zuwa gare shi ta zama lambar girma da ake gulma a kanta har a sauka. A daidai wannan lokaci Amurka ta tsuke ƙofar baƙi da dokar 1924, ɗakunan 'yan ƙaura suka zama fayau, sai kamfanoni suka yi musu fenti suka sayar wa malamai da ɗalibai masu yawon buɗe ido. Nan ne matsakaicin mutum ya fara leƙa wannan rayuwa, ya kuma fara sha'awarta.

Jirgin sama ne ya kashe kasuwar. A watan Oktoban 1958 kamfanin Pan Am ya fara jigila tsakanin New York da Paris da Boeing 707, tafiyar kwana biyar ta koma ta sa'o'i. Jirgin ruwan Queen Mary ya ajiye aiki a 1967. Ko a gaɓarmu, jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya yi shekaru yana kai ɗalibai da ma'aikata daga Legas zuwa Ingila, ya daina zuwa a 1974.

Waɗanda suka ceto sana'ar a Miami suke. Knut Kloster da Ted Arison sun fara kai mutane tsibiran Karibiyan a 1966, Royal Caribbean ta biyo baya, sannan Arison ya kafa Carnival a 1972 da jirgi guda, Mardi Gras, wanda ya kafe a yashi a fitarsa ta farko. Fasinjansu ba jikokin sarakuna ba ne, ma'aikata ne da 'yan fansho da sababbin ma'aurata. Abin lura shi ne ba su zubar da tsohuwar al'ada ba, sayar da ita suka yi. A tafiyar mako guda ana ware dare biyu na ado, a yi layi a gaisa da kyaftin, mai hoto na jira a gindin matakala, wanda bai da kwat kuma akwai ta haya. Shirin talabijin na The Love Boat, da aka fara a 1977, ya shigar da wannan hoto gidajen miliyoyin mutane. Abinci zama biyu ne, na farko wajen ƙarfe shida, na biyu bayan takwas. Tebur ɗaya za a ba ka daga farkon tafiya har ƙarshe, tare da mutum shida ko takwas da ba ka taɓa gani ba, da ma'aikaci guda wanda kafin dare na uku ya san ba ka son kankara a ruwa, ya san sunan ɗanka. Tsakar dare a sake shimfiɗa abinci da sassaƙen kankara. A daren ƙarshe kowa ya miƙa wa masu hidima tukwici a ambulan, hannu da hannu.

A shekarar 2000 kamfanin Norwegian, bayan ya koma hannun Star Cruises na Malesiya, ya fito da tsarin da ya kira Freestyle Cruising: ka ci lokacin da kake so, inda kake so, da wanda kake so, ado kuma ganin dama. Da farko an yi ta sukar abin, amma cikin 'yan shekaru sauran kamfanoni suka fito da irin nasu. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Jiragen sun yi girman da ɗaki guda ba zai ci jama'a ba. Iyalai masu yara ba sa iya zaman sa'a biyu a tebur. Ofisoshin Amurka kansu sun daina tilasta kwat. Kamfanonin jiragen sama kuma suka fara cajin kuɗin akwati, sai ɗaukar takalmi da kwat na dare ɗaya ya zama asara. Virgin Voyages, da ta fara ɗaukar fasinja a 2021, ba ta da daren kwat ko babban ɗakin cin abinci na bai ɗaya. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, na iya ɗaukar fasinja 7,600, da wuraren cin abinci sama da 20. A mafi yawan jirage abin da ya rage na doka kaɗan ne: ban da kayan ninkaya, ban da singileti, ban da tafiya ba takalmi a ɗakin cin abinci da dare. Cunard ce ta riƙe tsohon hali da ƙarfi, kuma tana da masu sonta saboda hakan.

Ban ga abin kuka a mutuwar kwat mai jela ba. Tufa ce da aka yi don ware mutane. Amma kada a ce bambancin aji ya tafi, wuri kawai ya sauya. A jiragen Cunard har gobe kuɗin ɗakinka ke yanke inda za ka ci, ko ɗakin cin abinci na Britannia ko Princess Grill ko Queens Grill. Kamfanin MSC ya buɗe Yacht Club a 2008, Norwegian na da The Haven: ɓangare ne a cikin jirgi mai ƙofarsa da gidan abincinsa, sai da kati ake shiga. Da ana gane mai hali da rigarsa, yanzu yana iya zama da gajeren wando, katin da ke aljihunsa ne ke magana.

Abin da nake jin takaicin rashinsa shi ne teburin nan na baƙi. Zama da mutumin wata ƙasa dare bakwai a jere na koya wa mutum jira har a kawo wa kowa, da sauraro, da kauce wa zancen da zai ɓata wa maƙwabci rai. Yanzu kowa da iyalinsa da wayarsa. Ambulan ɗin tukwici ma ya koma kuɗin da ake cira kai tsaye daga asusun fasinja kowace rana, har wasu na bin layi a soke shi. Waɗannan masu hidima kuwa, da yawansu 'yan Filifin ne da Indunusiya da Indiya, suna yin watanni ba su ga 'ya'yansu ba, suna aiki kullum babu ranar hutu, kuma wannan kuɗi babban kaso ne na abin da suke aikawa gida. Wanda ya iya biyan kuɗin jirgi ya hana su, bai kyauta ba, ko da kwat ɗin wane tela ya sa.

Ladabin tebur na yau ya fi karkata ga lafiya. Tun 1975 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke duba tsabtar jiragen da ke shiga tashoshinta, domin cutar amai da gudawa na yaɗuwa da sauri a inda dubban hannaye ke taɓa ludayi guda. Bayan abin da ya faru da jirgin Diamond Princess a Yokohama a Fabrairun 2020, inda sama da mutum 700 suka kamu da korona, babu mai raina ma'aikacin da ke tsaye a ƙofar wurin ɗebi-da-kanka yana roƙon a wanke hannu. A ɗauki sabon faranti idan za a ƙara, kada a taɓa abinci da hannu, kada a tula abin da ba za a cinye ba.

Kasuwar kuma ta fara juyowa wajen wasu al'ummomi. A Disamban 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da jirgin AROYA daga Jidda, abincinsa halal, babu giya, babu caca, akwai wurin salla. A sauran jirage ma ana iya neman abincin halal, amma sai an sanar da kamfani makonni kafin tafiya, ba ranar shiga ba. Sannan kamfanoni irin su Cunard sun yarda da kayan gargajiya na ƙasa a daren ado, kamar yadda ɗan Sikotlan ke fitowa da siket ɗinsa na gado. Don haka mai karatu, idan Allah ya nufe ka da wannan tafiya, ba sai ka nemi hayar kwat ba. Ka sa babbar riga da hula a akwati, uwargida ta ɗauki leshinta da ɗankwali, ku duba ƙa'idar jirgin tun kafin ku biya, kuma ku ware kuɗin masu hidima a cikin lissafin tafiya tun daga gida.